Betty Greene, Matuƙiyar Jirgin Bishara

Mishan ta SIM ta fara zama a Damagaram a shekara ta 1924. A zamanin nan tafiya wuya gare ta. Wasiƙa takan yi makonni a hanya, mara lafiya kuma yakan mutu kafin a kai shi wurin likita. Ga labarin wata mace wadda Allah ya yi aiki da ita domin a gajarta irin wannan tafiya.

An haifi Betty Greene a birnin Siyatil na ƙasar Amurka a 1920. Iyayenta masu bin Yesu ne. Tana da shekara 16 ta fara shiga jirgin sama, daga ran nan kuwa zuciyarta ba ta rabu da shi ba. Ta shiga makarantar koyon jinya, amma ta ga ba aikinta ba ne, ta bari. Sai wata tsohuwa mai tsoron Allah ta ba ta shawara ta haɗa abu biyu da take ƙauna, wato tuƙin jirgi da hidimar Ubangiji.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta tuƙa jiragen soja a ƙasarsu. Ta rubuta a wata mujalla cewa ƙaramin jirgi zai taimaki masu kai bishara. Waɗansu matuƙa Kirista suka karanta, suka neme ta. A 1945 suka kafa ƙungiyar da ake kira MAF yau.

Ba su da kuɗi da yawa. Suka sayi tsohon jirgi ja mai ɗaukar mutum huɗu, fukafukansa na katako ne da aka rufe da ƙyalle. Ran 23 ga Fabrairu 1946 Betty ta tashi da shi zuwa ƙasar Meziko, tana ɗauke da ma'aikata biyu na masu fassara Littafi Mai Tsarki. Ba a daɗe ba jirgin ya yi hatsari, fukafukansa suka karye. Ba su yar da shi ba. Wani saurayi makaniki mai suna Nate Saint ya tafi can, ya gyara su da hannunsa, har jirgin ya sake tashi.

Betty ta tuƙa jirgi ta ƙetare manyan duwatsun Andis, a ƙasar Peru. A farkon shekarun 1950 ta zo Nijeriya, ta yi wa SIM tuƙi. Ta ɗauki marasa lafiya, da magani, da wasiƙu, da ma'aikata. Tafiyar da mota takan yi kwanaki a cikin taɓo da rairayi, jirgi yakan gama ta cikin sa'o'i kaɗan. Daga baya ta yi aiki a Sudan da tsibirin Niyu Gini. Ta bar tuƙi a ƙasashen waje a 1962, ta ci gaba da hidima a ofishin ƙungiyar. Ta rasu ran 10 ga Afrilu 1997.

Ya mai karatu, Betty ba mai wa'azi ba ce. Abin da ta iya shi ta miƙa wa Ubangiji. A cikin Matiyu sura 25 Yesu ya yi misali da bawan da ya binne abin da aka ba shi, ya sha hukunci. Kai fa, me Allah ya sa a hannunka? Ko garma ce, ko keken ɗinki, ko amalanken da zai kai maƙwabci asibiti, kada ka binne shi. In 'yarka kuma tana da baiwa, kada ka hana ta makaranta.