Baden-Powell, sojan da ya mai da daji makaranta

Ran 22 ga watan Fabrairu na kowace shekara, ƴan sikawut na ƙasashen duniya suna tunawa da mutumin da ya kafa ƙungiyarsu, wato Robert Baden-Powell, wanda aka haifa a wannan rana a birnin Landan cikin shekarar 1857. Jama'a da yawa sun taɓa ganin samarin nan masu ƙyalle ɗaure a wuya suna taimako a wurin taro, amma kaɗan ne suka san asalin abin. Tarihin mutumin ya cancanci a karanta shi a kwalejojin Agye da Gazawa da Gidan Runji, domin yawancin abin da ya sha wahala ya koya wa yaran Ingila, yaran ƙauyukanmu da shi suke tashi.

Ubansa limamin coci ne, kuma malamin lissafi a jami'ar Oxford. Ya rasu a 1860, Robert yana da shekara 3, ya bar uwar da ƴaƴa masu yawa. A 1870 yaron ya samu taimakon kuɗin karatu ya shiga makarantar Charterhouse. A aji bai yi fice ba. Amma da aka ɗauke makarantar daga Landan aka mai da ita ƙauye a 1872, sai ya tarar da wani kurmi a bayanta wanda aka hana ɗalibai shiga. Nan ya riƙa sulalewa. Yakan ɗana wa zomo tarko, ya gasa shi da ƴar wuta marar hayaƙi don kada malamai su hango, in kuwa ya ji motsin mai nemansa sai ya hau itace ya lafe har mutumin ya wuce ta ƙarƙashinsa. Lokacin hutu shi da yayyensa sukan shiga ƙaramin jirgin ruwa su bi gaɓar teku, suna dafa abincinsu da kansu.

Jami'ar Oxford ba ta karɓe shi ba. Sai ya yi jarrabawar shiga soja, ya zo na biyu cikin masu neman rundunar dawaki, aka tura shi Indiya a 1876. Can ya ƙware a aikin da Turawan Ingila ke kira sikawut, wato sojan da ake aikawa gaba shi kaɗai ko su biyu, ya duba hanya da ruwa da sawun abokan gaba, ya komo da labari ba a gan shi ba. Daga wannan aiki ƙungiyar ta samo sunanta.

Dole a faɗi gaskiya game da shekarunsa na Afirka, don sojan mulkin mallaka ne, kuma yaƙin cin ƙasa ya zo yi. A 1888 yana cikin waɗanda suka yaƙi Zulu. A ƙarshen 1895 aka aiko shi ƙasar da ake kira Gana yau, cikin rundunar da ta nufi Kumasi, wadda a cikinta akwai sojoji Hausawa masu yi wa Ingila aiki. Shi ne ya jagoranci ɗaruruwan mutanen ƙasar da ke tafiya gaba suna sarar hanya cikin kurmi, suna ɗaure gadoji da itace da igiya a kan rafuka. A Janairun 1896 suka shiga Kumasi, aka kama sarkin Asante, Prempeh, aka fitar da shi daga ƙasarsa, bai komo ba sai 1924. Cikin 1896 ɗin kuma Baden-Powell ya tafi ƙasar Ndebele, a Zimbabuwe ta yanzu, inda mutane suka tayar wa Turawa. A nan ya sa aka harbe wani sarki mai suna Uwini bayan an kama shi. An yi bincike, hukumar soja ta wanke shi, amma masu tarihi ba su bar maganar ba.

A duwatsun Matobo na wannan ƙasa ne ya ƙara zurfi cikin sanin daji. Ya yi yawon dare da wani Ba'amurke, Frederick Burnham, da wani baƙar fata mai suna Jan Grootboom, wanda shi da kansa ya yaba wa gwanintarsa a rubuce. Ganyen da ya faɗo inda babu irin itacensa, ciyawar da ta kwanta, raɓar da aka taka, duk suka zama masa haruffa. Wannan karatu, mahalba da makiyayan Afirka ne malamansa.

Sunansa ya fito a 1899, shekarar da Voulet da Chanoine suka ratso ƙasar nan suna ƙone garuruwa har ajali ya same su wajen Mai Jirgi, kusa da Tasawa. A watan Oktoba yaƙi ya tashi a Afirka ta Kudu tsakanin Ingila da Bowa, jikokin Turawan Holan. Bowa suka kewaye garin Mafeking, Baden-Powell yana ciki da sojoji kaɗan, ya riƙe garin kwana 217, har ran 17 ga Mayu 1900 da taimako ya iso. Da dabara ya yi yawancin tsaron: ya sa aka binne akwatunan yashi ana nuna kamar nakiya ce, sojoji kuma suna ɗaga ƙafa kamar masu tsallake wayar ƙaya inda babu ko ɗaya. Baƙaƙen garin, waɗanda wasunsu suka ɗauki bindiga suka tsare shi, su suka fi shan yunwa, don ba a raba abinci daidai ba, da yawa kuma suka mutu. Wani abu da ya gani a nan ya tsaya masa a rai: an tara yaran Turawan garin, an ba su tufafi iri ɗaya, suna kai saƙo a kan keke ana harbi, kuma ba su yi wasa da aikin ba ko kaɗan.

Ya koma Ingila a 1903 yana janar, ya tarar da abin mamaki. Ƙaramin littafin da ya rubuta don sojoji a 1899, Aids to Scouting, ya shiga hannun malaman makaranta da yara. Manyan ƙasar kuwa a lokacin suna cikin damuwa, don yaƙin ya nuna cewa samarin birane da yawa ba su da ƙoshin lafiyar shiga soja. William Smith, wanda ya kafa ƙungiyar yara ta Boys' Brigade, ya ba shi shawara ya sake rubuta littafin don yara. Kafin ya rubuta, sai ya so ya gwada.

Daga 1 zuwa 8 ga Agusta 1907 ya kai yara wajen 20 tsibirin Brownsea, a kudancin Ingila. Da gangan ya haɗa ƴaƴan masu hali daga manyan makarantu da ƴaƴan ma'aikata daga garuruwan Poole da Bournemouth, abin da ba a saba gani ba a ƙasar. Ya raba su ƙungiya 4, kowace da sunan dabba ko tsuntsu, kowace da shugabanta daga cikin yaran. Da asuba yakan tashe su da ƙahon wani babban gwanki da ya zo da shi daga ƙasar Ndebele. Da rana su kafa bukka, su koyi ƙullin igiya da bin sawu da ceton wanda ruwa ya ci da ɗaure rauni. Da dare a zauna gindin wuta ya ba su labari, gobe kuma a mai da labarin wasa a fili. Kowane dare akan tura ƙungiya ɗaya nesa da zango da gari da dankali da nama, ta dafa wa kanta, ta kwana tana gadi.

A nan ne sabon abin da ya kawo yake. Sanin daji ya girme shi nesa. Abin da ya ƙara shi ne ya ɗauki yara biyar ko shida ya ɗora wa ɗayansu nauyin sauran, babba ya koma gefe yana kallo. Yaron da aka ce ruwan shan mutum shida yana wuyansa ba ya mance tulu sau biyu. Wanda ya san tsarin samariya, da sarkin samari da muƙarrabansa, da yadda aka farfaɗo da ita zamanin Seyni Kountché daga 1974, zai ga cewa ba baƙon abu ba ne gare mu.

Yaron da ya tashi a bakin Gulbin Kaba ya san sawun akuyar gidansu cikin sawu ɗari, ya san tufkar igiyar kaba, ya san fitowar Kaza da ƴaƴanta da ta Gamzaki, ya bambanta gawo da kalgo da sabara tun suna tsiro. Da ya ci jarrabawa ya tafi kwaleji a gari, sai ya shiga ɗaukar wannan duka a kan ƙauyanci, kuma ba mai tambayarsa shi a aji. Nan ga dajin Baban Rafi, ga gonakin Ɗan Saga inda manoma suka rayar da itatuwa daga kututture har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani. Malami ɗaya da ɗalibai 30 da tsohon mahalbi guda sun isa a yi zangon kwana uku cikin hutun sanyi, a auna gona da taki, a zana taswirar fadama, a ƙidaya itatuwa. Babban hutu bai dace ba, don yana faɗawa cikin damina, hannun kowane yaro kuwa ana bukatarsa a gona. Kuma sai an sa ƴan mata cikin lissafi tun farko, abin da shi Baden-Powell bai yi ba sai da suka tilasta masa.

A 1908 littafinsa Scouting for Boys ya fito kashi 6, kowane bayan mako biyu. Bai yi niyyar kafa sabuwar ƙungiya ba, yara ne da kansu suka riƙa haɗuwa a unguwanni suna neman babban da zai duba su. A 1909 wajen 11,000 suka taru a Crystal Palace a Landan, cikinsu har da ƴan mata da suka zo da shigar sikawut ba a gayyace su ba. Shekarar da ta biyo aka kafa tasu ƙungiya a hannun ƙanwarsa Agnes, shi kuma ya bar soja. A 1911 abin ya shiga Faransa, daga can ya biyo Faransawa zuwa ƙasashen da suka mallaka. Ya auri Olave Soames a 1912, suka haifi ƴaƴa 3.

Yaƙin duniya na farko ya ci dubban samarin da suka taso a hannunsa, daga nan maganarsa ta karkata wajen zumunci tsakanin ƙasashe. A 1920 aka yi babban taron farko na duniya a Landan, samari wajen 8,000 daga ƙasashe 34, suka naɗa shi shugaban sikawut na duniya. A 1929 sarkin Ingila ya ba shi sarautar Lord. Ya yi ban kwana da ƙungiyar a taron Holan na 1937 yana da shekara 80, a 1938 ya ƙaura zuwa garin Nyeri a Kenya, inda ya rasu ran 8 ga Janairu 1941. A kan dutsen kabarinsa an zana da'ira da ɗigo a tsakiya, alamar da ɗan sikawut ke bari a kan hanya don masu biyo sawunsa su san ya koma gida.