Audu Bako: Ɗan sandan da ya tare wa Kano ruwa

In dai kana riƙe da waya a watan Yunin 2019, da wuya a ce labarin gwaggon birin nan ya wuce ka. Wai ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga gidan zoo na Kano, kuɗin da aka tara a bikin sallah. Facebook da Twitter suka ɗauka, har kafofin ƙasashen waje suka taya mu dariya, daga baya gwamnan lokacin ya fito ya ce ko gwaggon birin ma babu a gidan. Muka yi raha muka wuce. To amma mu nawa ne muka tsaya muka tambayi wane ne mutumin da gidan ke ɗauke da sunansa?

Ni kaina na sha hawa adaidaita daga Tarauni, mu ratsa Gyaɗi-Gyaɗi, mu karya ta Dangi mu hau titin Zoo, ban taɓa damuwa ba. Na san dai akwai sakatariyar Audu Bako, akwai titin Audu Bako, akwai kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Ɗambatta. A zatona wani attajirin cikin birni ne ko basarake. Ashe ɗan sanda ne, kuma shi ne gwamnan Jihar Kano na farko. Ba a ma Kano aka haife shi ba.

A barikin 'yan sanda na Kaduna aka haife shi a 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shekara sama da talatin yana aiki, ka ga ke nan a cikin kaki da fareti ya buɗe ido. Ya yi makaranta a Kaduna, ya wuce Midil ta Zariya, a 1942 shi ma ya shiga aikin ɗan sanda yana ɗan shekara 18. Ya koyar da doka a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa har ya kai mataimakin kwamishina mai sa ido kan 'yan dokar En'e na Arewa baki ɗaya. Riƙe wannan a ranka, don zai yi amfani nan gaba: mutumin ya san cikin En'e kamar yunwar cikinsa.

Kafin 1967 babu wani abu wai shi gwamnan Kano. Lardin Kano ake da shi, ƙarƙashin Jihar Arewa mai hedikwata a Kaduna. Zamanin Turawa Razdan ne babba a lardi, mulkin yau da kullum kuma yana hannun sarki da En'e: su ke da 'yan doka, su ke da kotunan alƙalai, su ke da gidan yari, su ke karɓar haraji da jangali. Bayan juyin mulkin Janairun 1966, Hassan Usman Katsina ne gwamnan soja na Arewa duka. Ranar 27 ga Mayu, 1967, ƙasa na gab da yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya raba Najeriya jihohi 12, shida a Arewa. Sauran jihohin Arewa an haɗa larduna biyu ko huɗu ne, Kano ce kaɗai lardi guda ya tashi jiha. Jihar kuwa ba ƙarama ba ce, don har da Haɗeja, Gumel, Kazaure, Dutse da Birnin Kudu, wato duk Jigawar yau. Aka miƙa ta ga Audu Bako, ɗaya daga cikin 'yan sanda uku da Gowon ya ba jihohi, tare da Usman Faruk na Arewa maso Yamma da Joseph Gomwalk na Binuwai-Filato.

Jiha ce a takarda. Ma'aikatu na Kaduna, ƙwararrun ma'aikata kaɗan ne, kashe-kashen 1966 sun sa dubban 'yan ƙabilar Ibo da ke aiki da kasuwanci a Kano sun koma gida, ga yaƙi ya ɓarke a watan Yuli yana cinye kuɗin ƙasa. Sai a Afrilun 1968 gwamnatin jihar ta fara aiki sosai.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne mutanen da ya tara. Maitama Sule ɗan NPC ne, Tanko Yakasai ɗan NEPU ne na gani-kashe-ni, jam'iyyun da 'yan shekaru kaɗan kafin nan magoya bayansu ko ga-maciji ba sa yi. Duk su biyun sun zama kwamishinoni a gwamnatinsa, haka ma Aminu Ɗantata daga ɓangaren 'yan kasuwa. Kai da ke toshe abokinka a Facebook saboda launin hula, sai ka ɗan yi tunani. Gaskiya dai mulkin soja ne, an soke jam'iyyu, babu wanda ya zaɓe shi kuma babu majalisar da za ta taka masa burki. Wannan ya sauƙaƙa masa abubuwa da yawa, masu kyau da marasa kyau.

A zamaninsa ne aka rage wa En'e ƙarfi. 'Yan doka, kotuna da gidajen yari suka koma hannun gwamnati, kamar yadda aka yi a sauran jihohin Arewa, aka kuma sake fasalin mulkin ƙananan hukumomi. A Kano, inda Sarki Ado Bayero bai fi shekara huɗu a kan karaga ba lokacin da aka kafa jihar, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma wanda ya shekara yana duba 'yan dokar ne aka ba aiwatarwa. Ya kuma matsa kan karatun 'ya'ya mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka buɗe makarantu da kwalejojin horon malamai mata. Ke da ke karanta wannan a aji uku na jami'a, wataƙila kakarki ko malamar mamanki ta bi ta ɗaya daga cikinsu.

Amma babban labarin Audu Bako ruwa ne.

Kano ta lokacin gyaɗa ce arzikinta, dalar gyaɗa ce hotonta a duniya, kuma komai ya dogara da damina ta wata huɗu zuwa biyar. In ruwa ya ɗauke, shi ke nan, sai cin rani. A 1969 gwamnatinsa ta fara madatsar ruwa ta Bagauda don gwajin noman rani a Kadawa. Da aka ga abin ya karɓu, aka shiga babban aiki a kan Kogin Kano: madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ana cikin ginin ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa yankin Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta kwararowa daga Nijar da ƙauyukan arewacin jihar. A 1975 cuta ta kama gyaɗa, daga nan dalar ba ta sake miƙewa ba. Ka ga kamar mutumin ya hango abin da ke tafe. Kuɗin man fetur da suka fara shigowa bayan yaƙi su ma sun taimaka ƙwarai, kada a manta da wannan.

Yau in ka bi titin Zariya da rani ka wuce Tamburawa, ka kai Kura da Garun Malam, ka leƙa Bunkure, za ka ga kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe. Shinkafa, alkama, albasa, tumatir. Ruwan Tiga ne ke bin magudanai yana shayar da su. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Kudu, da mai yawa daga cikin wanda ke sauka 'Yan Kaba kafin ya iso teburin mai kayan miya a kasuwar Tarauni, daga wannan ruwan yake. Har ruwan famfon birni yana da kaso a ciki, ga layin da Allah ya sa famfonsu ke kawowa. Mu dai a namu layin 'yan garuwa ne gwamnati.

To ga ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika faɗa ba in ana yabo. Ruwan da ka tare a sama, wani ka hana a ƙasa. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ta kowace shekara ke cika fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Da wannan ambaliya masunta ke kamun kifi, manoma ke shuka shinkafa, makiyaya ke samun ciyawa da rani. Bayan Tiga ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa da cinye gonaki. Madatsar Challawa da aka gama a 1992, bayan zamaninsa, ta ƙara dagula lamarin. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a shekarun 1990 sun nuna amfanin da ake samu daga ruwan in ya bi fadama ya fi wanda ake samu in an karkatar da shi noman rani a sama. Kuma ka tuna, Haɗeja a lokacin cikin jiharsa take, talakawansa ne. Akwai kuma ƙauyukan da aka tasa don tafkin ya samu wurin kwanciya. A ganina duk wanda zai ba da labarin Tiga bai ambaci Haɗeja ba, rabin labari ya bayar.

Gidan zoo da otal ɗin Bagauda sun fito ne daga burinsa na jawo masu yawon buɗe ido. An buɗe gidan zoo a farkon shekarun 1970, lokacin da wajen yake kusan bayan gari. Otal ɗin Bagauda kuwa yanzu reshen makarantar horon lauyoyi ne.

Ƙarshen mulkinsa bai zo da daɗi ba. Ranar 29 ga Yuli, 1975, aka hamɓarar da Gowon yana taro a Kampala, Murtala Muhammed ya hau, ya sauke gwamnonin nan 12 gaba ɗaya. Aka kafa bincike kan dukiyarsu, aka ce goma sun yi ba daidai ba, aka ƙwace musu kadarori. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma kaɗai aka wanke. Audu Bako na cikin goman. Dubi yadda abin yake: baƙon da ya shekara takwas yana gina Kano, ɗan Kano ne ya sallame shi. Tsofaffi da yawa a garin nan har gobe ba su yarda an yi masa adalci ba, wasu kuma na cewa hukuncin na nan a rubuce. Ni ba zan goge ko ɗaya ba don in gyara masa hoto.

Kanar Sani Bello ya gaje shi, sai Ishaya Shekari, kafin a zo kan Abubakar Rimi a 1979, gwamnan farko da Kanawa suka zaɓa da ƙuri'arsu. Shi kuwa Audu Bako ya koma tsohuwar Jihar Sakkwato ya kama noma. Ya rasu a 1980, yana da kimanin shekara 56, shekara 11 kafin a yanke Jigawa daga jihar da ya fara riƙewa. Allah ya jiƙansa.

A 'yan shekarun baya an yi maganar ɗauke gidan zoo daga cikin gari a mayar da shi Tiga, saboda gidaje da shaguna sun kewaye shi. Da an yi, da dabbobinsa sun koma bakin ruwansa.