Hajiya Gambo Sawaba da gidan da ba a rufe ƙofarsa

Da 'yan kwamitin biki suka ɗora mini shafin tarihi na bana, ban tsaya dogon nazari ba, na ce Hajiya Gambo Sawaba zan ɗauko. Zariya ai nan ce kusa da mu, mota ɗaya ce daga Kawo, kuma cikin iyayenmu da ke zama a layin gaba ranar taro akwai waɗanda suka yi zamani da ita. 'Yan matanmu kuwa yawancinsu sunan kawai suka sani, shi ma albarkacin asibitin da ke Ƙofar Gayan ko ɗakin kwanan ɗalibai mata na Jami'ar Bayero. Akwai dalili na biyu da ya sa na zaɓe ta, zan zo kansa can gaba, ko da yake na san wasunku sun riga sun gane inda na dosa.

An haife ta a 1933. Sunan yankanta Hajaratu, Gambo kuwa saboda ita ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin Gana ne, lokacin ana ce wa ƙasar Gold Coast. Aikin safiyo ya kawo shi Reluwe, ya zauna a Zariya, ya musulunta, ya auri Fatima, Banufiya daga yankin Lavun da ke Jihar Neja a yau. Kun ga ke nan tun daga jini 'yar haɗin gambiza ce irinmu. Yadda jirgin ƙasa ya tara iyayenta a Zariya, haka jirgi da masaƙu suka tara namu iyayen a Kakuri da Makera da Nasarawa, Bajju da Atyap da Gbagyi da Hausawa da Tibi da Ibo da Yarbawa, kowa da yarensa a ɗaki, a waje kuma Hausa.

Ba yarinya ce mai sanyi ba, kada in ɓoye muku. Faɗa take yi, kuma yawanci ba nata ba ne, na wanda aka fi ƙarfi ne take shigar masa. Ana ba da labarin cewa yawan dawowa gida da yagaggiyar riga ya sa mahaifiyarta ta koma ɗinka mata kaya da yadi mai kauri irin na tampol. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a yarintarta shi ne yadda take da masu taɓin hankali. Mutanen da yara ke jifa, manya na tsallaka titi don kada a haɗu, ita zuwa take yi ta zauna kusa da su, ta yi musu magana, ta ba su abinci da tufafi da ɗan abin da ke hannunta. Ba wanda ya aike ta. Ba ta san siyasa ba tukuna, ba ta san sunan wata jam'iyya ba.

Ta fara karatu a firamaren En'e da ke Tudun Wada, Zariya. A 1943 mahaifinta ya rasu tana da shekara 10, karatu ya tsaya, bayan 'yan shekaru mahaifiyar ma ta bi shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu. Auren bai je ko'ina ba, ya bar ta da ciki, ta haifi 'ya mace, ita ce kuma kaɗai haihuwar da ta yi. Aure-auren da ta yi daga baya su ma ba su daɗe ba. Mata da yawa a nan za su karanta wannan su ce ai labarinsu ne.

A watan Agusta na 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar talakawa wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Gambo tana da shekara 17 ta shiga reshen Zariya, a lokacin da mazan ma a ɓoye suke zuwa taro saboda tsoron 'yan doka da alƙalan En'e. Ba a jima ba ta zama shugabar mata. A nan sunan Sawaba ya manne mata, domin kalmar ita ce taken jam'iyyar. Su a siyasa 'yanci suke nufi da ita. Mu kuwa a gida mun san inda muke faɗinta, in an je gaida mara lafiya aka tarar jiki ya yi sauƙi, sai a ce an sami sawaba. Ni dai a ganina sunan ya dace da ita ta fuska biyun.

Ta yi tattaki har Abeokuta wajen Madam Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan matan kasuwa suka ƙi harajin da aka ɗora musu, har Alake na lokacin ya sauka daga kujera a 1949. Abin da ta gani a can shi ne mata masu ƙungiya, masu rajista da kuɗin wata da shugabanni, waɗanda in an taɓa ɗaya sai dubbai su fito. Da ta dawo Arewa sai ta kama shiga gida gida, har gidajen kulle, tana yi wa mata magana kan auren wuri da ilimin 'ya'ya mata da aikin tilas da 'yancin jefa ƙuri'a. A Kano aka kama ta tare da mata wajen 200 bisa laifin taro ba izini, aka ɗaure su, daga baya ma aka kore ta daga garin. Masu lissafi sun ce sau 16 aka kai ta kurkuku a rayuwarta. Ƙuri'ar da take nema wa matan Arewa kuwa ba ta samu ba sai 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, alhali matan Kudu sun yi shekaru suna jefawa. A jamhuriya ta biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban GNPP, jam'iyyar Alhaji Waziri Ibrahim.

Wannan ɓangaren shi ake yawan faɗa a rediyo, don haka ba zan ja shi ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da jikinta ya biya. An aske mata kai, an yi mata bulala. 'Yan daba sun taɓa yi mata dukan kawo wuƙa suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. Haƙoranta na gaba sun zube a irin wannan duka, kuma azabar da ta sha ta bar mata ciwon da ya kai ta ga tiyata. Mace ce da ta san gadon asibiti ta ciki. Ta san yadda dare ke tsawo in kina kwance, ta san bambancin wanda ya leƙo ya ce sannu ya tafi da wanda ya zauna ya riƙe miki kwano.

Shi ya sa gidanta na Sabon Garin Zariya ya zama yadda ya zama. Mace mai 'ya ɗaya, amma yara gommai ne suka tashi a hannunta, marayu da waɗanda iyayensu suka kasa, kuma ba a tambayar yaro ƙabilarsa ko addinin gidansu kafin a zuba masa tuwo. Tukunyar gidan ba ta iyali ɗaya ba ce. Matar da aka koro daga gidan miji, baƙon da dare ya yi masa, mara lafiyar da ba shi da kowa a garin, duk sun san hanya. Abin da ta samu a kasuwanci da abin da manyan 'yan siyasa suka ba ta, can yake shigewa. Duk shahararta ba ta tara abin duniya ba. Ta rasu a watan Oktoba na 2001 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tana da shekara 68.

To, a nan zan faɗi ra'ayina, wadda ba ta yarda ba mu haɗu bayan taro. Abin da Hajiya ta yi a gidanta babba ne, amma a wuyan mutum ɗaya ya rataya. Ran da aljihunta ya yi ƙasa, kowa a gidan zai ji a jikinsa. Ran da aka ɗaure ta, sai an nemi mai tsaya wa yara. Irin wannan alheri yana gajiya in mai shi ya gaji. Mu ba mu da zuciyarta, ba na jin akwai wadda za ta iya kwana 16 a kurkuku a cikinmu balle sau 16, amma muna da abin da ta je Abeokuta ta gani ta yi sha'awa: muna da littafi, muna da ma'aji, muna da ranar taro, muna da yawa. Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya sun ga abin da ya faru da Kakuri bayan KTL, masaƙar da aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Sun ga magidanta sun zauna a gida ba albashi ba haƙƙin sallama, mata suka ɗauki gida da tallar awara da ɗinki da sayar da gawayi. Adashi ne ya riƙe gidaje da yawa a wancan lokacin, ba wani abu ba.

Yanzu ga dalilin nan na biyu. Ɗaya daga cikinmu tana cikin jarrabawa. Ba zan rubuta sunanta ba, takardar nan tana shiga hannu da yawa, kuma duk mun san gidan. Maigidanta, tsohon ma'aikacin masaƙa, ƙodarsa ta gaza, likitoci sun ce sai wankin ƙoda. Ga waɗanda ba su sani ba, wankin ƙoda ba magani ba ne da za a sha kwana bakwai a warke. Inji ne ke tace jinin mutum a madadin ƙodar, zama ɗaya wajen awa huɗu, sau biyu ko uku a mako, kuma in an tsallake sai ruwa ya taru a jiki, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Kowane zama da kuɗinsa, ban da gwaje-gwaje da allurar ƙarin jini da kuɗin mota zuwa ƙetaren gada. Ta sayar da keken ɗinkinta. Teburinta na kasuwar Kakuri ya fi kwana a rufe fiye da a buɗe, domin ba ta iya raba kanta biyu. Babbar 'yarsu tana ajin ƙarshe na sakandare, ita ke girki da kula da ƙannenta. Kuma wannan baiwar Allah, duk wannan hali, ba ta taɓa fashin zubi ba sai watan jiya, shi ma da ta zo ba da haƙuri kanta a ƙasa kamar ta yi sata.

Kwamiti ya zauna, ya tsayar da biyan bashinta ba tare da tara ba har abin ya yi sauƙi. Wannan shi ne abin da dokarmu ta ba su ikon yi su kaɗai. Sauran namu ne. An buɗe littafi daban, ba a haɗa shi da na adashi ba, don kada kuɗin kowa ya shiga na kowa. Ma'aji da mutum biyu ne za su sa hannu, kuɗin kuma kai tsaye za a biya a asibiti a kawo rasit a karanta a taro. Na faɗi haka ne saboda na san abin da ke hana wasu ba da gudummawa, ba rowa ba ce, an taɓa cizonsu ne a wani wuri. Kuma don Allah kada mu yi irin ta ranar farko, a tara da yawa a yi hoto, bayan mako uku kowa ya manta. Ciwon nan na dogon zango ne. Ɗan kaɗan da za ki iya duk mako ya fi babban abin da za ki ba da sau ɗaya ki ɓace.

Wadda ba ta da kuɗi ba a sallame ta ba fa. Ana neman masu raka su asibiti ranar wanki don ita ta samu ta buɗe tebur, ko masu zama mata a teburin. Ana neman masu kai abinci gidan, amma a tambaye ta tukuna, domin mai ciwon ƙoda ba kowane abu yake ci ba, gishiri da magi da yawan ruwa duk likita ya ƙayyade. Kuma ina roƙonku, iyayena da ƙannena, kada kowa ta kai masa jiƙo ko sassaƙe da sunan taimako. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da irin waɗannan daga jiki. Maza masu karanta wannan a gida, iyayen yara da samarinmu, ku ma da naku: masu Keke a cikinku ana buƙatar wanda zai ɗauke su da sassafe, kuma in asibiti ta nemi jini, ku za mu fara kira. Malaman makaranta da ke cikinmu, yarinyar nan jarrabawa na gabanta.

Matan zumunta na coci biyu da matan Islamiyyar layinsu sun riga sun fara kai ziyara, kowa da ranarta. Takardar rabon kwanaki tana wajen sakatariya, za ta zauna da ita a teburin bakin ƙofa ranar biki tun kafin a fara addu'ar buɗewa. Har yanzu Talata da Asabar ba su da kowa.