WALIYI ALFONSUS LIGUORI DA SHEKARUNSA 19 NA JINYA

Ranar 1 ga watan Agusta ta kowace shekara Eklesiya Katolika take tunawa da Waliyi Alfonsus Maria Liguori, bishop kuma Malamin Eklesiya. Waɗanda suka taɓa ganin hotonsa a littattafan addu'a za su tuna da wani dattijo mai kai a sunkuye, haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka mai zanen ne ya sunkuyar da shi don ya nuna tawali'u, alhali ciwo ne ya tanƙwara wuyan, kuma a haka ya zauna shekara 19, har ranar da Ubangiji ya kira shi. Labarin waɗannan shekaru muke so mu kawo wa jama'ar Allah, musamman iyayenmu da kakanninmu waɗanda ƙafa ta daina kai su coci, da kuma masu jinyarsu.

An haife shi ranar 27 ga Satumba, 1696, a Marianella kusa da birnin Napoli, a kudancin Italiya. Shi ne ɗan fari a gidan masu daraja, mahaifinsa kuwa hafsa ne a jiragen ruwan yaƙi na sarki. Tun yana yaro yana fama da asma, idanunsa kuma ba sa hangen nesa, saboda haka bai bi sawun mahaifinsa ba, sai aka sa shi karatun shari'a. Yana ɗan shekara 16 ya gama, da digirin dakta a dokokin ƙasa da na Eklesiya. Ya yi suna a aikin lauya, amma a 1723 aka kayar da shi a wata babbar shari'a, ya fita daga kotu bai sāke komawa ba. A zamanin nan yakan je wani asibiti a Napoli da ake kira Asibitin Marasa Warkewa, yana yi wa majinyata hidima, kuma a can ne kiran Allah ya bayyana gare shi sarai. Aka keɓe shi firist ranar 21 ga Disamba, 1726. Ranar 9 ga Nuwamba, 1732, a wani gari kan dutse mai suna Scala, ya kafa Ƙungiyar Mai Fansa Mafi Tsarki, wadda ake kiran 'ya'yanta Redemptorist, domin kai bishara ga makiyaya da manoman karkara waɗanda ba mai kula da su. Paparoma Benedict na 14 ya amince da dokar ƙungiyar a 1749.

Akwai wani abu guda game da halinsa da ya kamata mu riƙe, domin shi ne zai nuna mana nauyin abin da ya same shi daga baya. Alfonsus ya ɗauki wa'adi a gaban Allah cewa ba zai ɓata lokaci a banza ba, kome ƙanƙantarsa. Shekara da shekaru yana zagaya ƙauyuka yana wa'azi, yana zama awa da awa yana sauraron masu furta zunubi, in ya sami sarari kuma ya ɗauki alƙalami. Littattafansa manya da ƙanana sun haura 100. Yana zane, yana tsara waƙoƙin coci. Irin wannan mutum, zama wuri ɗaya ya fi masa kowane aiki wuya.

A 1762, yana da shekara 65, Paparoma Klement na 13 ya naɗa shi bishop na Santa Agata, wata ƙaramar dayosis a arewa maso gabashin Napoli. Ya roƙa a ɗauke masa, yana kawo hujjar tsufa da rashin lafiya, amma Paparoma ya ba da umarni, shi kuwa ya yi biyayya. Da yunwa ta auka wa ƙasar a 1763 zuwa 1764, ya sayar da keken dokinsa da alfadaransa, har da zobensa na bishop, ya sayi abinci domin talakawa.

A watan Mayu na 1768 ne babban ciwon ya kama shi, yana da shekara 71. Zazzaɓi ne mai tafe da sanyin ƙashi. Ya fara daga kwatangwalo da ƙafa, ya bi gaɓoɓi, daga bisani ya zauna a ƙasusuwan wuya. Ciwon bai sassauta ba sai watan Yuni na 1769, wato shekara guda da wata ɗaya. Ƙashin wuyan ya lanƙwashe har kansa ya kife gaba, haɓarsa ta danne ƙirji. Yau da gobe wurin ya zama gyambo mai zurfi wanda ya kusa kashe shi. Likitoci suka yi ta ƙoƙari har gyambon ya warke, suka ɗan ɗaga wuyan kaɗan, amma bai ƙara miƙewa ba. Jikinsa ya shanye, ba ya tafiya sai an riƙe shi. Ko ruwa ba ya iya kurɓa daga kofi kamar kowa, sai da ɗan siririn bututu, kuma haka ya sha har ƙarshen ransa. Masu rubuta tarihinsa sun ƙirga cewa sau 8 aka ba shi sakramentin shafewa na marasa lafiya a tsawon rayuwarsa, ban da na ciwon ajali.

Abin da ya fi ƙona masa rai a wannan lokaci shi ne Misa. Firist ba ya kammala hadayar Misa sai ya sha daga ƙoƙon Jinin Kristi, shi kuwa ba ya iya ɗaga kai. Watanni suka shige bai hau bagade ba. Ana nan sai wani shugaban gidan firistoci na ƙungiyar Waliyi Augustin ya nuna masa dabara: idan lokacin sha ya yi, ya zauna a kujera ya jingina baya sosai, mai hidimar Misa ya taimaka masa ya kai ƙoƙon bakinsa. Da wannan 'yar dabara ya koma yin Misa, ya kuwa ci gaba da yi shekaru masu yawa. Muna ganin wannan ƙaramin labari ya cancanci a tsaya a kansa. Babban malamin da firistocin Turai suke karanta littattafansa bai gano mafita da kansa ba, wani ne ya zauna ya duba yadda jikinsa ya koma, ya yi tunani a madadinsa. Shi ma bai ce girmansa ya fi ƙarfin a tallafe shi a gaban jama'a ba. Sau da yawa abin da ke tsakanin tsoho da abin da ransa yake so bai wuce kujera ɗaya da hannu ɗaya ba.

Shekara 13 kafin wannan ciwo, a 1755, ya wallafa wani ɗan littafi a kan daidaita nufin mutum da nufin Allah, inda ya yi magana a kan rashin lafiya. Koyarwarsa a can ita ce mara lafiya ya nemi magani, gama Allah ne ya tanada shi. Idan magani bai yi ba, sai ya miƙa kansa ga nufin Allah. Ya kuma koyar cewa ba laifi ba ne mutum ya faɗa wa na kusa da shi zafin da yake ji, ko ya roƙi Allah ya ɗauke masa. Ga masu baƙin ciki don ciwo ya hana su zuwa coci ko yin aikin da suka saba, amsarsa ita ce Allah ba ya neman aikin mai lafiya daga hannun majinyaci. Ɗaukar ciwon da haƙuri shi ne hidimar da aka ba shi a wannan lokaci. Rubuta irin wannan magana da sauƙi ga mai ƙarfi a jiki. Amma da aka gwada shi da ita, ya bi ta daki-daki: ya karɓi likitoci, ya bi umarninsu, bai kuma ɓoye wa kowa cewa yana jin jiki ba. Wannan amsa ce ga masu gaya wa tsofaffinmu cewa ciwon da ya ƙi warkewa alamar ƙarancin bangaskiya ne, ko cewa mai nishi ya kāsa haƙuri. A yau ma akwai magungunan rage zafi da dabarun motsa gaɓoɓi waɗanda likitocin zamaninsa ba su sani ba, kuma hana majinyaci su da sunan ibada ba koyarwar Eklesiya ba ce.

Daga kan gado da kujera ya ci gaba da riƙon dayosis har shekara 6. Yana karɓar firistoci da talakawa a ɗakinsa, yana faɗa ana rubuta masa wasiƙu. Littattafai ma ba su tsaya ba: wa'azin Lahadi na dukan shekara ya fito a 1771, tarihin koyarwar ƙarya a 1772, fassarar Zabura da bayani a 1774. Wa'adin nan na rashin ɓata lokaci bai karye ba, sai dai aikin ya koma daidai gwargwadon jikin. Duk da haka bai ruɗi kansa ba. Ya san bishop da ba ya iya zagaya garuruwansa yana tauye jama'a, don haka ya yi ta roƙon a bar shi ya yi murabus. Klement na 13 ya ƙi, Klement na 14 ma ya ƙi. Sai a 1775 Paparoma Pius na 6 ya amince. Alfonsus ya koma gidan ƙungiyarsa a Pagani yana da shekara 78, yana tsammanin kwanansa ya ƙare. Ashe saura shekara 12.

A cikin waɗannan shekaru ji ya ragu ƙwarai, gani ma ya kusa tafiya, kuma ta wannan ƙofa ce masifar da ta fi ciwon wuya ɗaci ta shigo. Gwamnatin sarkin Napoli ba ta taɓa yarda da ƙungiyarsa a matsayin cikakkiyar ƙungiyar addini ba. A 1779 aka aiki wani firist na ƙungiyar ya nemo amincewar fadar sarki. Don ya samu, sai ya yarda aka sauya dokar da Paparoma ya riga ya amince da ita, har aka cire wa'adodin da 'yan ƙungiya suke ɗauka. Aka kawo wa tsohon takardar. Idonsa bai iya wuce layukan farko ba, wanda ya dogara gare shi ya duba masa kuwa ya ce kome daidai ne, sai ya sa hannu. Da gaskiya ta fito a 1780, ya yi kuka mai zafi, ya ɗora wa kansa laifin. Roma ta ɗauki abin a matsayin fifita sarki a kan Paparoma. A shekarar nan Pius na 6 ya raba gidajen ƙungiyar da ke ƙasar Paparoma da na Napoli, ya naɗa wa na farko wani shugaba, ya janye amincewarsa daga na biyu. Da haka wanda ya kafa ƙungiyar ya wayi gari, yana da shekara kusan 84, a wajen ƙungiyar da Eklesiya ta sani. Ya karɓi hukuncin, bai yarda a soki Paparoma a gabansa ba. Waɗanda suka yi masa haka ba baƙi ba ne, 'ya'yansa ne na ruhu, kuma wataƙila sun ɗauka suna sauƙaƙa wa tsoho ne. Duk mai kai wa mahaifinsa takardar gona ko ta gida ya dangwala yatsa ba tare da an karanta masa ita duka ba, ya duba wannan labari da kyau.

Wajen shekara 3 kafin rasuwarsa sai duhu ya rufe zuciyarsa. Waswasi ya kama shi, da jarabobi iri iri, har yana tsoron ko zai sami ceto. Abin mamaki ne, domin babban littafinsa na koyarwar halin kirki, wanda ya fara fitowa a 1748, an san shi da sassauci da jinƙai a zamanin da waɗansu malamai suke tsananta wa masu tuba har suna tsoron karɓar Jibin Ubangiji. Mutumin da ya kwantar wa dubbai da hankali ya rasa kwanciyar nasa. Maganin da ya sha ba waɗansu shi ya sha: ya buɗe zuciyarsa ga firist mai sauraron furcinsa, ya bi abin da aka gaya masa ko da ransa bai natsu ba. Tunaninsa ma ya fara rauni. Yakan tambayi ɗan'uwan da yake jinyarsa ko sun riga sun yi rosari na ranar. An kuma ba da labari cewa wata rana ana karanta masa wani littafi a kan Budurwa Maryamu, ya ji daɗinsa, ya tambayi wanda ya rubuta, aka ce ai shi ne. A ƙarshe ko dabarar kujera ta daina yi, ya bar yin Misa, sai dai a kawo masa Jibin Ubangiji a ɗaki. Eklesiya ta binciki dukan wannan filla-filla kafin ta kira shi waliyi, ba ta kuwa ga wani abu a cikin mantuwa ko tsoro ko shanyewar jiki da ya rage masa tsarki ba. Iyalan da suke ganin kakarsu mai ibada ta koma firgita da dare ko tana maimaita tambaya ɗaya, kada su ce Allah ya yashe ta. Abin da ya dace shi ne a sanar da katekis ko Fada, a riƙa kawo mata sakramenti a gida, a kuma kai ta wurin likita.

Natsuwa ta komo masa kafin ƙarshe. Ya rasu a Pagani ranar 1 ga Agusta, 1787, da tsakar rana, ana kaɗa ƙararrawar addu'ar Anjelus, saura ƙasa da wata biyu ya cika shekara 91. Bai ga haɗuwar ƙungiyarsa ba, gama sai a 1793 aka sāke haɗa ta a ƙarƙashin doka ɗaya. A 1796 Pius na 6, wanda ya hukunta shi, shi ne ya buɗe hanyar ɗaukaka shi. Aka ayyana shi mai albarka a 1816, Paparoma Gregori na 16 ya sa shi cikin waliyai a 1839, Pius na 9 ya ba shi matsayin Malamin Eklesiya a 1871, Pius na 12 kuma a 1950 ya sa shi majiɓincin firistoci masu sauraron furcin zunubi. Masu ciwon gaɓoɓi a ƙasashe da yawa suna neman roƙonsa. 'Ya'yan ƙungiyarsa sun iso har maƙwabtanmu: bishop na farko na Yamai a Jamhuriyar Nijar, Hippolyte Berlier, wanda aka naɗa a 1961, ɗan Redemptorist ne. Gawar Waliyi Alfonsus tana cikin babban cocin Pagani, a gidan da ke jikin cocin kuma an adana ɗakinsa da kujerarsa mai taya, masu ziyara suna gani.