Likitan da Ya Ƙi Barin Masu Rauni

Karatu: Yohanna 15:12-14

Yau zan ba ka labarin Noel Chavasse, wani likitan soja ɗan Ingila. An haife shi a Oxford a 1884, mahaifinsa kuwa ya zama Bishop na Liverpool daga baya. Ya yi karatun likita, ya kuma yi wa ƙasarsa tseren mita 400 a wasannin Olamfik na 1908 a Landan. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya bi bataliyar Liverpool Scottish zuwa bakin daga a matsayin likitanta.

Ka lura da yadda ya fara. Tun kafin kowa ya san sunansa, yana ta fama don sojoji su sami ruwan wanka da busassun safa, domin sanyi da laka suna ruɓar da ƙafafunsu a cikin ramuka. Aikin da ba mai yabo ke nan, amma ya riƙe shi da aminci.

Ranar 9 ga Agusta 1916, a Guillemont da ke Faransa, ya wuni yana ɗaure raunuka a fili, harsasai na sauka kewaye da shi. Da dare ya yi, ya shafe awa huɗu yana neman waɗanda suka faɗi a gaban ramukan abokan gāba. Kashegari ɓarɓashin bom ya same shi a haƙarƙari yayin da yake ɗauke da wani majinyaci, duk da haka ya sake komawa da daddare. Ya ceci kusan mutum 20 masu munanan raunuka. Aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumtaka mafi girma a Birtaniya.

Ranar 31 ga Yuli 1917, kusa da Ypres a Beljiyam, ya ji rauni a ka. Ya ƙi barin wurin aikinsa. Kwana biyu yana jinyar wasu, ga ciwo, ga yunwa, ga gajiya, yana fita yana ɗauko mutane. Ranar 2 ga Agusta bom ya faɗa ramin da yake ciki. Ya rasu ranar 4 ga wata, yana da shekara 32, bai kai ga auren yarinyar da aka yi musu baiko ba. Shi kaɗai ne aka ba lambar nan sau biyu a wancan yaƙin. A kan dutsen kabarinsa an rubuta Yohanna 15:13.

Ɗan'uwa, wa ya faɗi kusa da kai? Akwai gwauruwar da ba wanda ya leƙa, akwai matashin da ya daina zuwa sujada. Kada ka jira sai naka ciwon ya warke. Je ka ɗauko shi yau.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, ka cika ni da Ruhunka, ka ba ni zuciyar komawa wurin masu rauni. Amin.