Vilfredo Pareto: Injiniyan da ya bar wa duniya ma'aunin tace zaɓi

An haifi Vilfredo Pareto a birnin Paris ranar 15 ga Yulin 1848. Mahaifinsa ɗan Italiya ne mai zaman gudun hijira, mahaifiyarsa kuma Bafaranshiya. Ya karanci aikin injiniya a Turin, ya yi aiki da kamfanin jirgin ƙasa, daga baya ya shugabanci masana'antar ƙarfe.

A 1893 ya gaji Léon Walras a matsayin malamin tattalin arziki a Jami'ar Lausanne da ke Suwizalan. A littafinsa na 1906 ya fayyace ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa har yau: rabon arziki ya kai matuƙar inganci idan ba a iya ƙara wa wani sai an rage wa wani.

Masana lissafi sun faɗaɗa ta zuwa yanke shawara mai ma'aunai da yawa, kamar farashi, ƙarko da lokaci. Duk zaɓin da wani ya kamo shi a kowane ma'auni, ya kuma zarce shi aƙalla a ɗaya, sai a jefar da shi. A cikin waɗanda suka rage ake zaɓa.

Sai dai ƙa'idar ba ruwanta da adalci, domin ko mutum ɗaya ya kwashe komai, rabon na iya cika sharaɗinta.

Pareto ya rasu a Céligny, kusa da Geneva, ranar 19 ga Agustan 1923.