Heinrich Hertz: Masanin da ya gano abin da haske ke yi wa ƙarfe

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a kan gajeren zango ya ci karo da sunan Heinrich Hertz, ko da bai sani ba. Haruffan kHz da MHz da ke jikin akwatin daga sunansa aka ciro su, domin shi ne mutum na farko da ya samar da igiyoyin rediyo a ɗakin gwaji, ya kuma auna su. Sai dai a cikin wannan aikin ne Bajamushen ya lura da wani ƙaramin abu da ya shige masa gaba, wato yadda wani irin haske ke sa lantarki ya fita daga jikin ƙarfe. Hertz ya rasu bai san dalilin hakan ba, amma a kan wannan abu ne aka gina wasu daga cikin manyan na'urorin bincike na duniya.

Tasowarsa

An haifi Heinrich Rudolf Hertz ne a ranar 22 ga watan Fabrairun 1857 a birnin Hamburg da ke arewacin Jamus, kuma shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa Gustav Ferdinand Hertz lauya ne da daga baya ya zama ɗan majalisar mulkin birnin. Asalin gidansu Yahudawa ne da suka karɓi addinin Kirista tun mahaifin yana yaro.

Tun yana ƙarami Hertz ya nuna basira ta fuska biyu. Yana da kaifin fahimtar harsuna, har ya koyi Larabci baya ga Latin da Girkanci da ake koyarwa a makaranta. Yana kuma da hannun sana'a, domin ya iya sassaƙar katako da sarrafa ƙarfe, yana ƙera wa kansa kayan gwaji a gida.

Bayan kammala sakandare a 1875 ya fara bin hanyar zama injiniya. Ya yi aiki a Frankfurt, ya yi ɗan karatu a Dresden, sannan ya yi shekara guda yana bautar ƙasa a rundunar soja a Berlin. A birnin Munich ne, cikin 1877, ya yanke shawarar barin aikin injiniya ya koma ga kimiyyar fiziks. A 1878 ya tafi jami'ar Berlin, inda ya zauna a gaban manyan malamai biyu, Hermann von Helmholtz da Gustav Kirchhoff. Ya sami digirin digirgir a 1880 yana ɗan shekara 23, ya kuma yi wa Helmholtz aikin mataimaki na shekara uku. Daga nan ya koyar a Kiel, kafin a naɗa shi farfesa a babbar makarantar fasaha ta Karlsruhe a 1885. A can ya auri Elisabeth Doll a 1886, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Johanna da Mathilde.

Tambayar da Maxwell ya bari

A lokacin masana na Turai suna taƙaddama kan yadda ƙarfin lantarki ke kaiwa daga wuri zuwa wuri. Masanin nan na ƙasar Sikotland, James Clerk Maxwell, ya nuna ta hanyar lissafi cewa lantarki da maganaɗisu suna tafiya ne a matsayin igiyoyi, da gudu irin na haske, wato kimanin kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa guda, kuma shi kansa haske ɗaya ne daga cikin waɗannan igiyoyi. Maxwell ya rasu a 1879 ba tare da wani ya tabbatar da maganarsa a aikace ba. A wannan shekarar ce Helmholtz ya ba Hertz shawarar ya gwada, amma ɗalibin ya lissafa ya ga kayan aikin da ke hannu ba za su iya ba, sai ya ajiye batun.

Damar ta zo ne a ƙarshen 1886 a Karlsruhe. Hertz ya haɗa wata na'ura mai ƙwallayen ƙarfe biyu da ɗan rata a tsakaninsu, wadda in an tura mata lantarki mai ƙarfi sai tartsatsi ya tsallaka daga wannan ƙwallo zuwa wancan. A gefe guda kuma ya ajiye wani zoben waya, shi ma da ɗan tsagi, ba tare da wata waya ta haɗa shi da na'urar farko ba. Duk lokacin da babban tartsatsin ya tashi, sai wani ɗan ƙarami ya bayyana a tsagin zoben. Ke nan akwai abin da ke ratsa iska daga wannan zuwa wancan.

Akwatin da ya rage tartsatsi

Tartsatsin zoben ƙanƙane ne ƙwarai, sai an yi duhu an ƙura ido sannan a gan shi. Don haka Hertz ya sanya zoben a cikin wani akwati domin ya riƙa ganinsa sosai. Maimakon haka sai ya tarar tartsatsin ya ragu. Da ya riƙa cire bangon akwatin ɗaya bayan ɗaya, sai ya gane cewa bangon da ke kare zoben daga ganin babban tartsatsin shi kaɗai ne ke jawo raguwar.

Wannan ba shi ne abin da yake nema ba, amma ya dakatar da babban aikinsa na tsawon watanni domin ya bi diddigin lamarin. Ya riƙa sanya abubuwa daban-daban a tsakanin tartsatsin biyu. Ƙarfe da katako sun tare tasirin, gilashi ma ya tare shi duk da cewa ido na gani ta cikinsa. Amma dutsen nan mai garai-garai da ake kira kwaz bai tare ba. Daga nan ya yi amfani da wani yankin kwaz mai kusurwa uku ya rarraba hasken zuwa launukansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya gano cewa tasirin yana fitowa ne daga can bayan launin shuni, inda ido ba ya ganin komai. Wannan shi ne hasken altarabayolet, wanda gilashi ke shanyewa. Ya gwada da wasu fitilu, ya sami sakamako iri ɗaya, ya kuma lura cewa tasirin ya fi ƙarfi idan hasken ya sauka a kan ƙwallon da lantarki ke fitowa daga gare shi, musamman idan an goge shi tas.

A 1887 ya buga sakamakon a mujallar Annalen der Physik. Ya bayyana abin da ya gani dalla-dalla, ya kuma ƙi yin hasashen dalili tunda ba shi da hujja a kai. Sannan ya koma kan igiyoyinsa. A 1888 ya nuna cewa suna dawowa idan suka bugi faifan tutiya kamar yadda haske ke dawowa daga madubi, suna kuma karkacewa idan suka ratsa wani ƙaton curin kwalta da ya sa aka yi masa. A watan Disamban shekarar ya miƙa rahotonsa ga Cibiyar Kimiyya ta Berlin, kuma da haka maganar Maxwell ta tabbata.

Bonn da ajali

Sunansa ya bazu a Turai. A 1889 ya koma jami'ar Bonn inda ya gaji kujerar Rudolf Clausius, kuma a 1890 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke London ta ba shi lambar yabo ta Rumford. A 1892 ya nuna cewa hasken lantarki da ke tashi a cikin bututun da aka zuƙe wa iska yana iya ratsa siririn fallen ƙarfe, aikin da mataimakinsa Philipp Lenard ya ci gaba da shi.

A wannan shekarar ce ciwo ya kama shi, ya fara daga hanci ya kai ga kunne, aka yi masa tiyata fiye da sau ɗaya ba a dace ba. Duk da haka ya ci gaba da rubuta littafinsa kan ƙa'idojin motsi, wanda aka buga bayan mutuwarsa. Ya rasu a Bonn ranar 1 ga Janairun 1894 yana da shekara 36, aka binne shi a maƙabartar Ohlsdorf da ke Hamburg. Shekara bakwai bayan haka, a 1901, Guglielmo Marconi ya aika saƙo da igiyoyin Hertz daga Ingila zuwa ɗaya gefen tekun Atlantika.

Waɗanda suka ɗora

Batun haske da ƙarfe bai mutu tare da shi ba. A 1888 Wilhelm Hallwachs ya nuna cewa faifan tutiya da aka cika da lantarki yana zubar da shi idan hasken altarabayolet ya sauka a kai. Aleksandr Stoletov a Mosko ya auna yawan lantarkin da ke fita, yayin da wasu malaman sakandare biyu a garin Wolfenbüttel, Julius Elster da Hans Geitel, suka gano cewa ƙarafa irin su sodiyam da fotasiyam suna amsawa har ga hasken da ido ke gani. A 1899 J.J. Thomson na Cambridge ya tabbatar cewa abin da ke fita daga ƙarfen shi ne ilektaron, ƙwayar lantarkin da ya gano a 1897.

Sai kuma wata matsala ta ɓullo. A 1902 Lenard ya gano cewa ƙara ƙarfin haske yana ƙara yawan ilektaron da ke fita, amma ba ya ƙara musu gudu. Idan haske igiya ce kawai, bai kamata hakan ta faru ba. Albert Einstein ne ya warware a 1905, inda ya ce haske yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yana ba ilektaron guda ƙarfinsa, kuma launin hasken ne ke ƙayyade wannan ƙarfi. Robert Millikan na Amurka ya yi shekaru yana aune-aune yana shakkar maganar, amma sakamakon da ya buga a 1916 ya gaskata lissafin Einstein, wanda aka ba shi kyautar Nobel ta 1921 saboda shi. Ta haka gwajin da ya tabbatar cewa haske igiya ce shi ne kuma ya buɗe ƙofar gane cewa yana da ɗabi'ar ƙwayoyi.

Zamanin 'yan Nazi

A 1930 hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da ma'aunan lantarki ta sanya sunan Hertz a kan ma'aunin yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa guda, kuma a 1960 aka shigar da shi cikin tsarin ma'aunai na duniya. Amma a ƙasarsa, bayan da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933, asalin kakanninsa ya zama laifi. An cire hotonsa daga zauren majalisar birnin Hamburg, aka kuma hana 'yarsa Mathilde, masaniyar halayyar dabbobi, koyarwa a jami'ar Berlin. Ita da 'yar'uwarta da mahaifiyarsu sun yi ƙaura zuwa Ingila. Shi kuwa Lenard, tsohon mataimakin Hertz, ya zama ɗaya daga cikin masanan da suka fi goyon bayan Hitler da sukar Einstein.

Daga tartsatsi zuwa leza

A yau a birnin haihuwarsa ne ake da ɗaya daga cikin manyan na'urorin da suka dogara da abin da ya gano. Na'urar European XFEL, wadda aka buɗe a watan Satumban 2017, tana cikin wani rami mai tsawon kilomita 3.4 a ƙarƙashin ƙasa, daga cibiyar bincike ta DESY a Hamburg zuwa garin Schenefeld. Irin wannan na'ura, wadda John Madey na jami'ar Stanford ya fito da tsarinta a 1971, ana kiranta leza mai sakakkun ilektaron. Ana koro ilektaron har su kusa gudun haske, a bi da su tsakanin dogayen layukan maganaɗisu da ke sa su tafiya suna karkaɗa, sai su fitar da walƙiyar hasken eksare mai tsananin ƙarfi. Ta Hamburg tana iya yin walƙiya 27,000 a daƙiƙa guda, kuma da ita masana ke ɗaukar hoton surar sinadaran jikin ɗan Adam da na ƙwayoyin cuta, abin da ke taimaka wa masu haɗa magunguna.

Dukkan wannan yana farawa ne daga wani ɗan faifai da ake kira fotokatod, wanda aka shafe da siririn sinadarin siziyam da teluriyam. Ana harba masa hasken altarabayolet, ilektaron su fito, kamar dai yadda ya faru a zoben Hertz. Manoman rani na Kura da Bunkure sun san cewa idan ba a saki ruwa yadda ya kamata daga madatsar Tiga ba, gyaran ƙananan magudanai ba zai kai shi gonar ƙarshe ba. Haka lamarin yake a nan, domin idan ilektaron suka fito a warwatse daga faifan, babu abin da sauran na'urar za ta yi ta gyara su.

Saboda haka ne DESY ta keɓe wata cibiya mai suna PITZ a garin Zeuthen kusa da Berlin, wadda tun 2002 take gwada waɗannan mafarai. Ana auna ilektaron nawa ke fita daga kowane ƙunshin haske ɗari da ya sauka, da yadda suke bazuwa bayan fitowarsu, da tsawon lokacin da faifan ke ɗauka kafin ya gaji. Ɗan iska ko danshi kaɗan na lalata shi, shi ya sa ake haɗa shi, a ɗauke shi, a kuma yi aiki da shi a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Igiyoyin rediyon da ke fizgar ilektaron daga fuskar faifan suna kaɗawa sau biliyan 1.3 a daƙiƙa guda, wato gigahertz 1.3, a ma'aunin da ke ɗauke da sunan Heinrich Hertz.